Gonar da Sahabi Ya Ba Matattu

Ni direban tankar ruwa ne, sunana Haliru. Aikina in cika tanka a Gusau, in kai inda aka ce, in juye, in koma. A wannan aikin na san Baba Sahabi na Tungar Manu. Na sha jin rantsuwa a tasha da teburin mai shayi, gari ya waye ka ga mai rantsuwar a durƙushe yana gaida wanda ya ce zai ga bayansa. Sahabi bai taɓa rantsuwa a gabana ba. Abin da ya yi kawai zan faɗa.

Tungar Manu ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Bungudu, in ka wuce Nahuce ka saki kwalta. Akwai dutse a bayan garin, samansa a shimfiɗe, da ƙasa mai zurfi a tsakiya. Can maƙabartar garin take tun kakanni, saboda ruwan damina ba ya kwanciya a wurin. Gonar Sahabi tana gindin dutsen ta yamma. Ita kaɗai gare shi, ta gado ce, gero da dawa yake shukawa, wake a tsakani.

Gajere ne, baƙi, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka saboda saɓa galma. Ba ya zaman majalisa. Matarsa Bara'atu ta rasu wajen haihuwa ta biyu, ita da jaririn, ta bar masa ɗa guda, Abdulaziz. Bai sake aure ba. Mutane suka yi magana har suka gaji. Shi ya yi daka, shi ya yi tuwo, har yaron ya girma ya tafi Tsafe gyaran babur, ya yi aure can. A kan kabarin Bara'atu kuwa ya kifa tulun da take ɗebo ruwa da shi, don kada wurin ya ɓace masa. Duk Juma'a da hantsi sai ya hau dutsen, ya tuge ciyawa, ya yi addu'a, ya sauko. Tun yana hawa da sauri har ya koma hawa da sanda.

Alhaji Tajuddeen ɗan kwangila ne, gidansa a Damba, cikin Gusau. Hawan jini ya matsa masa, likita ya ce ya huta, sai wani abokin cinikinsa Ba'indiye ya kai shi Butan, wata ƙasa ta cikin duwatsu a saman Indiya, inda mutane suke bin addinin Buda. Ya sauka a wani otal da aka gina a kan tsauni. Da ya dawo ba shi da wata hira sai ta wurin. Ni kaina ya nuna min hotunan a wayarsa: ɗakuna na katako, tagogin gilashi daga ƙasa har sama, bahon wanka da ake jefa duwatsu masu zafi a ciki, da dogayen fararen tutoci jere a kan sanduna a gefen tsaunin.

"Haliru, duba nan," in ji shi. "Manyan duniya suna rububin zuwa don su zauna shiru su kalli dutse. Mu ga dutse Allah ya ba mu, awaki muka bar wa."

Ya zagaya Tsafe, ya zagaya Bungudu, dutsen Tungar Manu ya yi masa. Mutane suka yi dariya, suka ce wa zai zo hutu a daji a wannan zamani. Ya ce zai zuba masu gadi, kuma manya suna son wurin taro inda ba a ganinsu.

Matsalar ita ce maƙabartar. Ya tara dattawan garin a ƙofar mai gari, ya yi alkawarin za a tono kowane kabari da hannu, liman a tsaye, a sake likkafani, a mayar wani wuri da mutunci. Ya ƙara da masallaci da rijiyar burtsatse. Aka yarda. Sahabi ne kaɗai ya yi magana.

"In an zo kan na Bara'atu a kira ni. Ni za ni ɗauke ta."

Alhaji ya taso ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa. "Baba, da ni da kai za mu kama."

Ranar kasuwar Bungudu, gari ya watse, katafila ta hau dutsen. An ce wa direbanta a gama share wurin kafin ruwa ya sauka. Ya ture komai cikin rami ɗaya, ya rufe, ya bi ta kai ya daddanne. Yau ba mai iya nuna ramin. Wasu sun ce ƙarƙashin wurin ajiye motoci yake, wasu sun ce bayan ɗakin janareta.

Lokacin da aka ɗauke ni kai ruwa an riga an fara harsashi. Kullum in na hau sai in ga wani tsoho a tsugune gefen tulin ƙasa, yana tonawa da hannu. Leburori suna masa ba'a, wai Baba zinari ake nema? Ba ya ɗago kai. Wata rana na ga ya miƙe da wani guntun kasko, ya goge shi da bakin riga, ya sa a aljihu. Sahabi ke nan, kuma daga ranar bai sake hawa dutsen ba.

Mazan garin sun yi ta kumfar baki. Za a je Gusau, za a je gidan rediyo, za a ƙona katafila. Sai aka buɗe masallaci, famfo ya fara zuba, aka ɗauki samarinsu gadi da shara. Magana ta mutu.

Ni na saba tsayawa gefen gonar Sahabi in na sauko, in cika masa jarka da ragowar ruwa. Haka muka saba. Ba ma doguwar hira. Ya ce sannu, in ce yauwa.

Otal ya tashi, kuma gaskiya ya yi kyau. Duk manyan ɗakunan yamma suke kallo, don baƙo ya zauna da shayinsa ya ga faɗuwar rana. Alhaji ya sa teloli a Gusau suka yanka farin yadi dogo-dogo, aka ɗaura a sanduna aka jera a bakin dutsen, daidai yadda ya gani a hoto. Matan ƙauyen suka ce Alhaji ya shanya likkafani. Ya ɗauko kuku daga can Butan ɗin, wani ɗan siririn mutum mai suna Doji, mai yawan murmushi, wanda ya koyi Hausa a bakin masu wanke-wanke.

Abu ɗaya ya rage. In ka tsaya a tagogin nan, abin da ke ƙarƙashinka gonar Sahabi ce, da kara da 'yar bukkarsa. Alhaji yana so ya mai da ita tafki da lambu. Ya aika mai gari, ya aika liman. Ya ce zai ba shi gona a Wonaka wadda ta fi wannan girma, da kujerar Makka, ya buɗe wa Abdulaziz shago a Tsafe. Sahabi ya ce ya ji.

Abdulaziz ya zo a kan babur, ina wurin ina cika jarka. Ɗakin haya yake zaune da matarsa Maijidda da 'ya'ya, a ƙarƙashin wani yake aiki.

"Baba, don Allah mi za ka yi da gonar nan? Bara ko rumbu ba ta cika ba."

"Uwarka tana ina?"

"Haba Baba. Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta."

"Ban ce ta rasu ko ba ta rasu ba. Na ce tana ina. Tahi ka nuna min."

Abdulaziz ya dube ni kamar zan taimake shi. Na ci gaba da riƙe tiyo.

"Jikokinka fa, Baba? Su suna da rai."

"Na sani," in ji Sahabi. Ya ɗauki jarkarsa ya shige bukka.

Daga baya Alhaji ya sauko da kansa, da babbar riga, takalminsa yana nutsewa a kunya. Ya gaida shi da ladabi, ya ce kuskure aka yi, kuma tuni ya kori direban katafilar.

"Ka kore shi? To madalla," Sahabi ya ce. "Shi ya dafa min kafaɗa?"

Alhaji ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Baba, ka yi tunani. Ƙasa ta gwamnati ce. Ni lallashi nake don ina ganin girmanka."

"Allah ya ƙara girma, Alhaji."

Kowa ya san ma'anar maganar. In bai sayar ba, za a karɓa.

A kwanakin ne Doji ya tare ni bayan kicin, ina juye ruwa. Ya nuna tutocin da ludayi.

"Haliru, wa ya mutu?"

Na ce ba kowa, ado ne.

Ya girgiza kai. Da Hausarsa mai tsalle-tsalle ya bayyana min cewa a ƙasarsu in mutum ya mutu ne danginsa suke kafa irin waɗannan fararen a kan tudu. Tun ranar da ya iso yake ta jira a faɗa masa mamacin, ya ga ba wanda ya yi zancen, ya ɗauka ko kunya ce irin tamu.

"Ka faɗa wa Alhaji?"

"Alhaji ba ya tambaya."

Da na sauko na ba Sahabi labarin, don kawai in ga ko zai saki fuska. Ya tsaya yana kallon tutocin suna kaɗawa a saman kansa. Sai ya yi dariya. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ran nan, kuma ban so ta ba.

"Ashe ya kafa musu tuta," ya ce. "Saura masu ita su zo."

Ranar ƙaramar salla, bayan an sallame idi, kafin mutane su watse, Sahabi ya miƙe a tsakiyar fili. Ya ce jama'a su shaida, garin nan ba shi da maƙabarta, shi Sahabi ya ba da gonarsa ta gindin dutse waƙafi saboda Allah, a riƙa rufe Musulmi a ciki har tashin ƙiyama. Liman, Malam Muhammad Sani, ya tambaye shi ko ya san abin da ake ba Allah ba a karɓa, ba a sayarwa, ba a gadonsa.

"Don haka na ba shi, Malam."

Liman ya sake tambaya, ya sake amsawa. Aka shafa fatiha. Mai gari ya sunkuyar da kai. Abdulaziz yana sahu na baya da sabuwar shaddarsa. Ya tashi ya buga babur ya koma Tsafe, ko ruwa bai sha ba.

Da yamma na ce wa Sahabi ya yi wa kansa. Ya kamo hannuna ya kai ni tsakiyar gonar.

"In an kwantar da mamaci, ina yake fuskanta?"

"Gabas."

"Mi ke gabas da nan?"

Na ɗaga kai. Tagogin Alhaji ne, jere, rana tana walƙiya a jikinsu.

Amma abin bai zo da sauƙi ba. An yi rasuwa a garin, aka ɗauki gawar aka kai Nahuce, saboda ɗan mamacin mai gadi ne a otal. Aka sake yi, aka sake kaiwa Nahuce. Yaran Alhaji suka fara yawo da magana cewa filin da ba kabari a ciki gona ne, kuma tsohon ya fara ruɗewa, maganar mai ruɗewa ba ta zama waƙafi. Aka ce har Tsafe sun je wajen Abdulaziz don ya tsaya a kan haka. Sahabi kuwa da damina ta zo bai saka ko ƙwaya a gonar ba, ya ce ba tasa ba ce. Ƙodago ya riƙa yi a gonakin mutane da tsufansa, a ba shi abin da zai ci. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. In na ba shi biredi ya karɓa, ya ce, "Ba wanda ya mutu?" Haka yake tambaya, kamar mai jiran mota.

Da rani ya yi tsakiya, Inna Uwani ta rasu. Ita ce mahaifiyar Buba, Bafulatanin da rugarsa take arewa da dutsen. Tsakanin Buba da Sahabi ba gaisuwa. Shekarun baya shanun Buba sun ci masa dawa, shi kuma ya sari saniya ɗaya da galma a cinya. Ga shi a shekarun nan manomi ba ya shiga ruga haka kawai, makiyayi ma ba ya shiga gari da sakin jiki. Sahabi ya saɓa galma ya nufi rugar shi kaɗai. Buba ne ya ba ni labarin yadda suka yi.

"Sahabi, gaisuwa ka zo ko rigima?"

"Ƙasa na kawo maka."

"Kai da ka sare min saniya?"

"Ita ta ci min dawa. Wanga yana nan tsakanina da kai, ban yafe ba. Innarka ba ta ci min komai ba."

Shi ma Buba, wayar shingen otal ta datse burtalin da shanunsa suke bi zuwa rafi, kuma ba shi da ɗa a cikin masu gadi. Ya ce a haƙa.

Ina saukowa daga otal na same su suna fama da ƙasa, ta bushe kamar siminti. Na juya tanka na sakar musu ragowar ruwan Alhaji har wurin ya jiƙu. Ba wanda ya roƙe ni.

Ranar kuwa otal cike yake. Wasu manya ne daga Gusau da Abuja suke taro, bayan la'asar sun fito baranda an jera musu shayi suna jiran faɗuwar rana. Sai ga makara ta ɓullo daga arewa, Fulani a bayanta da sandunansu, liman a gaba, don ba shi da ikon ƙi. Aka ajiye ta daidai ƙarƙashin barandar. Na ga manyan nan sun ajiye kofuna. Wani dattijo a cikinsu ya miƙe ya nemi takalminsa, ya ce gawar Musulmi a gabansa ba zai zauna yana kurɓar shayi ba. Ya kama hanyar sauka, saura suka bi shi. Alhaji Tajuddeen ba yadda zai yi. Ya sauko, ya shiga sahu tsakanin Buba da wani mai kiwon raƙumi, aka yi salla da shi.

Da aka sa ta, aka jera itace, aka fara tura ƙasa, Sahabi ya fito daga cikin mutane da shebur. Ya wuce kowa ya tsaya gaban Alhaji, ya miƙa masa.

"Alhaji, kama. Ka ce da ni da kai za mu kama."

Baƙin ba su san zancen ba, suna ta gyaɗa kai, suna ganin girmamawa ce. Mutanen gari sun sani. Alhaji ya karɓi shebur. Ya zuba ƙasa a kabarin farko na maƙabartar da ta kashe masa tafki, a gaban shaidun da shi ya gayyato su.

Daga ranar ba wanda ya sake cewa gona ce. Mutanen gari suka daina wahalar zuwa Nahuce. Shekarun kuma ba su yi rowar gawa ba, kowa ya san abin da ƙasar nan ta gani. Layi ya cika, aka fara wani. Sahabi ne mai haƙa, shi ne mai share wurin, kuma bai bar ko bishiya ɗaya ta tashi ta gefen gabas ba. Baƙo ya buɗe labule da safe ya ga ana haƙa, da yamma ya ga ana rufewa. Suka fara neman ɗakunan baya, masu kallon janareta. Alhaji ya sa aka sauke tutocin, don zuwa lokacin labarin Doji ya kai kunnensa. Ya gina katanga, amma dutsen ya fi ta tsawo, daga bene ana hango komai. A ƙarshe ya kira magina suka cire gilasan yamma suka toshe tagogin da bulo. Ni na kai ruwan kwaɓin. Doji ya koma ƙasarsu. Otal ɗin yana nan, ana ɗan yin taro jefi-jefi, ruwan da nake kaiwa bai kai rabin na da ba.

Sahabi ya kwanta ciwo bayan girbin bara. Liman ya je duba shi, ya ce masa ya yafe wa kowa, shi ma Allah ya yafe masa.

"Na yafe wa Buba dawa," ya ce.

"Alhaji fa?"

"A bar mu, Malam. Mu haɗu can."

Tun da ƙarfinsa ya zaɓi wurinsa, a layin gaba, jikin katanga, saitin ɗakin da Alhaji yake sauka. Abdulaziz ya zo daga Tsafe. Shi ya shiga ramin ya karɓi ubansa, ya juya fuskarsa gabas. Da aka gama, Buba ya miƙa masa guntun kaskon nan, ya ce tsohon ya bar masa saƙon a ɗora a kansa. Abdulaziz ya juya shi a hannu, ya gane bakin tulun. Ya dasa shi a ƙasar, ya danna da tafin hannu.

Babur ɗinsa ya ƙi tashi, na ɗauke shi a tanka zuwa bakin kwalta. Muka yi nisa. Sai ya ce, "Malam Haliru, ya ci nasara, ko?"

Na ce ya ci.

"Ni har yau ɗakin haya nake."

Gaskiya ya faɗa. Na sauke shi ya tsaya jiran motar Tsafe.

Har yanzu ina bi ta wurin. Filastar da aka yi wa tagogin ba ta dace da launin bangon ba, daga nesa kana iya gane inda kowace taga take a da. A ƙasa kuma ga su nan a jere, Sahabi a gaba da guntun tulu a kansa, kowa fuskarsa tana wajen. In na sauko da ragowar ruwa nakan tsaya in yayyafa wa nasa, don kada iska ta kwashe ƙasar.